Yadda Ake Tsabtace Gida da Kulorin Bayan An Samu Mai Amai da Gudawa

Na daɗe ina aikin duba-gari a ƙaramar hukumarmu, kuma da wuya damina ta wuce ba a kira mu gidan da cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta shiga ba. Na rubuta wannan bayani ne domin sababbin ma'aikata da 'yan sa-kai na unguwa, har da maigidan da ya kai nasa asibiti ya dawo ya tsaya a tsakar gida bai san ta inda zai fara ba.

Ƙwayar kwalara tana fita ne daga bayan gida da aman marar lafiya, ta shiga cikin wani ta baki, ko a ruwan sha, ko a abinci, ko a hannu. Ba ta yawo a iska. Saboda haka aikinka yana wuraren da ƙazanta ta taɓa da wuraren da baki zai taɓa: fo, buta, zanin gado, randa, moɗa, da hannun mai jinya.

Da ciwon zuciya na koyi wannan. A daminar 2021, shekarar da alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, suka nuna sama da mutum 110,000 ake zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suka fi jin jiki, mun shiga wani gida goye da injin feshi. Muka jiƙa bango da ƙofofi har zaure, mutanen unguwa suna ta sa mana albarka. Bayan kwana uku aka sake kiranmu gidan, wannan karon yarinya ce 'yar shekara shida. Ina shiga idona ya faɗa kan randar da ke gindin darbejiya, moɗa kife a kan murfinta, yadda muka bar ta. Uwar da ta yi jinya da hannunta take ɗiban ruwa a ciki. Allah ya tashi kafaɗun yarinyar, amma tun ranar ban ƙara fita daga gida ban taɓa randa ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Iri biyu muke samu: farin garin nan mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin 100, wanda ake rubuta HTH a jikin robarsa, da kuma bilic na kanti irin su Hypo da Jik. Ka karanta jikin kwalbar, yawancin na kasuwarmu 3.5% ne. A Nijar wani lokaci da digiri ake rubuta ƙarfin bilic, wanda suke kira jabel. Digiri 1 kusan 0.3% ne, ke nan mai digiri 12 bai yi nisa da namu ba. Ka duba ranar lalacewarsa, kuma ka guji wanda ya sha rana a kan teburin mai tireda, domin zafi yana cinye ƙarfinsa.

Sai bokitan roba uku masu murfi, jarka mai lita 20, cokalin roba babba irin na cin abinci, kofi ɗaya na awo, da sandar itace ta motsawa. Ban da ƙarfe ko kwanon silba, kulorin yana cinsu.

Don kare kanka: safar hannu ta roba mai kauri, rambut, takunkumi, tabarau, da leda babba da za ka ɗaura a gaba. Idan babu safar hannu, leda biyu a kowane hannu a ɗaure a wuyan hannu ta fi babu, amma ka riƙa sauyawa.

Sauran kaya: sabulu, omo, burushi, tsummoki, shebur, ledojin zuba shara, ƙwayoyin tace ruwan sha, sirinji marar allura, fakitocin ORS (garin gishiri da sukari da ake damawa a ba mai gudawa), littafi da biro. Injin feshi ba dole ba ne, bokiti da tsumma sun fi shi aiki a ɗaki. In kuwa za a yi amfani da shi, kada a aro wanda aka taɓa zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwari.

Kuma kada ka je ba tare da abokiyar aiki mace ba. Gidaje da yawa namiji iyakarsa zaure, aikin kuwa yana cikin ɗaki da madafi.

1. Ka fara sanin wane ciwo ne, kuma ina marar lafiyan yake

Alamar kwalara ita ce gudawa tsagwaron ruwa, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, tana zuba babu tsayawa, sau da yawa tare da amai da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Tana iya kashe babban mutum cikin 'yan sa'o'i. Idan ka tarar da marar lafiyan yana gida, ajiye maganar kulorin tukuna. Haɗa masa ORS, fakiti ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita 1. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai, a ci gaba da ba shi a kan hanya har a isa asibiti. Wanda idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko ya fara sumewa, ƙarin ruwa yake buƙata yanzu-yanzu. Jariri kuma kada a cire shi daga nono.

Ba kowane ciwo ne ake yi wa wannan aiki ba, kuma wannan yana cikin abin da za ka riƙa yi wa mutane bayani. An sha kiranmu mu yi feshi a ɗakin wanda ya rasu da ciwon daji. Na taɓa tarar da dangi sun tara kayan wata baiwar Allah da sankarar mama ta yi ajalinta, za su cinna wuta, har da zannuwan da 'ya'yanta za su iya gada. Sankara ba a ɗaukarta daga mutum, ba ta zama a tufafi, ba ta zama a ɗaki. A wanke kaya da sabulu, a sa safar hannu wajen taɓa jini ko ruwan gyambo kamar yadda za a yi wa kowane majinyaci, a yi wa mamaciya wanka da sutura yadda aka saba. Tarin fuka da sanƙarau da mashaƙo ta numfashi suke bi. Abin da suke buƙata buɗe taga, kai mutanen gida gwaji, da rigakafi. In kuma zazzaɓi ne mai tsanani da ya ƙi jin maganin maleriya, ga zubar jini ta hanci ko dasashi, ka ji tsoron zazzaɓin Lassa: kada ka taɓa komai, ka kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko layin NCDC na 6232. Wannan aikin tawagar da aka horar ne.

2. Ka shiga da sallama, ba da injin feshi ba

Ka biya ta wurin mai unguwa, in da hali ya rako ka. Kada ka sanya takunkumi da rambut tun daga bakin titi yara suna bin ka. A zaure ake sa su. Gidan da aka nuna da yatsa a unguwa, gobe in wani ya kamu za su ɓoye shi, kuma ɓoyewar ce take kisa. Ka gaida maigida, ka yi masa jaje, ka ce: "Baba, mun zo ne mu taya ku gyara wurin don kada ciwon ya taɓa yara." Ka nemi wanda ya yi jinyar ya nuna muku inda marar lafiyan ya kwanta, inda ya yi amai, masan da ya shiga, butar da ya riƙe, da inda aka wanke kayansa. Ka sa mutum ɗaya ko biyu daga cikin gidan su yi aikin tare da ku, domin kai yau kaɗai za ka yi, su kuwa za su maimaita kullum har mako. Kuma ka yi ƙoƙari ka isa gidan a ranar da aka ba da rahoto ko washegari. Mutanen gidan sun fi shiga haɗari ne a kwanakin farko.

3. Haɗa ruwan kulorin kashi uku

A waje ake haɗawa, inda iska ke kaɗawa, da ruwan sanyi mai haske, bayan ka sa safar hannu da tabarau da takunkumi. Ruwa ake fara zubawa a bokiti sannan kulorin ya biyo baya.

Mai ƙarfi, wato 2%, na bayan gida ne da amai da gawa. Da gari: babban cokali 2 a shafe a kowace lita 1. Lita 5 tana isar gida ɗaya, cokali 10 ke nan. Da bilic mai 3.5%: kofi 4 na bilic, kofi 3 na ruwa.

Matsakaici, wato 0.2%, na daɓen ɗaki ne da gado da ƙofa da buta da kwanuka da rambut. Da gari: cokali 4 a lita 20. Da bilic: kofi 1 a kofi 16 na ruwa.

Mai sauƙi, wato 0.05%, na wanke hannu ne da jiƙa tufafi. Da gari: cokali 1 a lita 20. Da bilic: kofi 1 a kofi 69 na ruwa.

In lissafin ya rikice maka ga hanya mai sauƙi. Haɗa mai ƙarfi kawai. Ɗebi kofi 1 daga ciki ka ƙara kofi 9 na ruwa, ka sami matsakaici. Ɗebi kofi 1 na matsakaici ka ƙara kofi 3 na ruwa, ka sami mai sauƙi. In bilic ɗinka mai 5% ne, mai ƙarfinsa kofi 2 ne a kofi 3 na ruwa, sauran kuma yadda na faɗa.

Kurakurai biyu nake yawan gani a nan. Na farko jarka: yawancin ta 'yan ga-ruwa lita 25 ce, ba 20 ba, kuma a irin wannan matsakaici cokali 5 yake ci. Na biyu cokali: "a shafe" na nufin ka share tozon da bayan wuƙa ko kara, cokali ɗaya ya zama kusan giram 15. Idan da gari ka haɗa, ka motsa sosai, ka bar shi ya kwanta na rabin awa, ka tsiyaye na sama ka yi aiki da shi. Ka ɗaura wa kowane bokiti ƙyalle mai launi daban. Ni ja nake sa wa mai ƙarfi, rawaya matsakaici, kore mai sauƙi, domin a ido duk ruwa ne, kuma wanda ya tsoma hannu a mai ƙarfi fatarsa za ta gaya masa.

Kada ka kuskura ka gauraya kulorin da Izal ko Dettol ko ruwan wanke masai ko ruwan batir wai don ya ƙara ƙarfi. Hayaƙin da zai tashi yana iya shaƙe mutum a ɗaki rufaffe. Garin kuma a ajiye shi nesa da fetur da kananzir da wuta. In ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15 sannan a je asibiti. Matsakaici da mai sauƙi kullum ake haɗa sabo. Mai ƙarfi yana kai mako in yana rufe a inuwa.

4. Fara jiƙa ƙazantar, ka bar ta ta sha

Kafin komai, bi duk inda akwai bayan gida ko amai, a fo, a bokiti, a ƙasa, ka zuba mai ƙarfi har ya rufe shi. Ka bar shi minti 15. Duba agogo, kada ka yi kintace. Kulorin ba ya kashe ƙwayar cuta da taɓawa ɗaya, sai ya zauna a kanta, kuma yawancin aikin da ya lalace gaggawa ce ta lalata shi. In lokaci ya cika a juye cikin masai. Kada a zuba a rariya ko a kwata, domin daga nan yake bi ya fita lungu inda yara ke wasa, ruwan sama kuma ya kai shi rijiyar maƙwabta.

In majinyacin yana gida tukuna ko ya dawo, a riƙa zuba mai ƙarfi kamar kaurin yatsa a gindin fo kafin ya yi amfani da shi, a ƙara wani bayan ya gama. Ko ya warke, ƙwayar tana iya ci gaba da fita a bayan gidansa na wasu kwanaki.

5. Randa da madafi, tun hannunka bai ɓaci ba

Dokar aikin ita ce daga wuri mai tsabta zuwa mai datti. Don haka yayin da ƙazantar ke sha, a wanke safar hannu ko a sauya, a nufi ruwan sha. In ku biyu ne, wanda bai taɓa fo ba shi zai yi wannan.

A zubar da duk ruwan da ke cikin randa da tulu da baho da jarkoki. A nan ne za ka sha gardama, domin ruwan saye aka yi. Wata tsohuwa ta taɓa dafe murfin randarta ta ce mini, "Haba ɗan nan, jarka biyu na saya da safe, ruwan nan garau yake." Na ce, "Iya, ai abin ba a gani da ido. Ba asara za ki yi ba, da shi za mu haɗa na wanke ɗaki." Ta saki murfin. Tun daga nan haka nake yi: ruwan randa shi nake mayarwa ruwan haɗa matsakaici, sai gardama ta mutu.

A goge cikin randa da burushi da sabulu har santsin nan ya fita, a ɗauraye, a zuba matsakaici a juya shi ya taɓa ko'ina, a bari minti 15, a ɗauraye da ruwan da aka tace. Haka moɗa da kofuna da murfi. Ka lura da wannan a ko'ina: wanki kafin kulorin. Datti da maiƙo suna cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayar cuta.

Sabon ruwan sha kuma sai an tace shi. In akwai ƙwayar Aquatabs, mai miligiram 67 tana isar lita 20 ta ruwa mai haske. Ka karanta jikin takardar domin girmansu ya bambanta. In babu, bilic marar turare mai 3.5%, mililita 1.2 da sirinji, a lita 20. A girgiza, a rufe, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan ƙanshin kulorin kaɗan. In ba a ji komai ba a ƙara irin awon farko a sake jira. Ruwan da ya yi duhu a fara barinsa ya kwanta, ko a sa alif, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a ninka awon. In babu kulorin kwata-kwata, a tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cikakke, a bar shi ya huce a rufe.

Matsalar randa ita ce bakinta: kowa ya zo sai ya tsoma moɗa har da yatsunsa. A wannan makon na fi so a koma shan ruwa daga jarka mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayawa. In sun ƙi rabuwa da randa saboda sanyin ruwanta, a samo moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa, babba ɗaya ya riƙa ɗiba yana zuba wa kowa a kofinsa.

Kwanuka a wanke da omo, a jiƙa a matsakaici minti 15, a ɗauraye, a kife a rana a kan abu, ba a ƙasa ba. Ragowar abincin da mai jinya ta taɓa a zubar. Tuwon da ya kwana sai an ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Fura da kunun zaƙi da zoɓo da ake damawa da ɗanyen ruwa, da kwaɗon ganye da salak, a dakata da su ko a yi su da tataccen ruwa. In matar gidan tana sana'ar abincin sayarwa, ka roƙe ta da girma ta huta na kwana biyar zuwa mako.

6. Ɗakin majinyaci da shimfiɗarsa

A buɗe ƙofa da taga. A naɗe zanin gado da tufafi ba tare da kakkaɓewa ba, a sa a bokiti. In akwai ƙazanta mai yawa a jiki a fara kankare ta cikin fo mai ɗauke da mai ƙarfi. A wanke da omo, a jiƙa a mai sauƙi minti 15, a ɗauraye, a shanya a rana har su bushe ƙarau. Masu jin tsoron kada atamfa ta koɗe, ko inda bilic ya yi kaɗan, a tafasa kayan a tukunya ana juyawa na minti 5. Ruwan wankin a haƙa rami a zuba a rufe, ko a juye a masai. Kada a kai wankin bakin rijiya ko rafi ko kududdufi, kuma kada a ba wa mai wanki da guga.

Tabarmar roba da katifa mai rigar leda a wanke da sabulu, a goge da matsakaici. Katifar soso a wanke ta a baje a rana, ana juyawa, kwana biyu ko uku. Ƙwayar kwalara ba ta jure bushewa. Sai wadda ta jiƙe sharkaf har ciki, ko tsohuwar tabarmar kaba da ba ta wankuwa, ita ce ake ƙonawa, kuma da yardar masu ita.

Daɓen siminti a wanke da omo, a bi da matsakaici, a bar shi a jiƙe minti 15. In daɓen ƙasa ne, wurin da ƙazanta ta zuba a jiƙa shi da mai ƙarfi, bayan minti 15 a kankare saman ƙasar da shebur a kai masai ko a binne. Sai a goge ƙafar gado, mariƙin ƙofa, fitila, da duk abin da hannu ke yawan kamawa. Wayar salula a goge ta da tsumma da aka matse sosai. In a Keke Napep ko mota aka kai shi asibiti, a nemi direban a goge kujerar da matsakaici. Ana yawan mantawa da wannan.

7. Masai da buta

Nan ne ƙarshe domin nan ne mafi datti. A wanke dandamalin da burushi da omo, a kwarara matsakaici a kansa, a bakin ramin, a ƙofa da bango daidai inda hannu ke dafawa. Butoci duka a wanke ciki da waje, musamman mariƙi, a jiƙa su. Buta ɗaya ce ke zagaya gida daga masai zuwa alwala, don haka a ware wa majinyaci tasa. Ba a buƙatar juye kulorin da yawa cikin ramin, ɓarna ce. A yi wa ramin murfi saboda ƙuda, a riƙa barbaɗa toka. Kashin yara ma a kai shi masai nan take, domin mutum yana iya ɗauke da ƙwayar ba tare da ya nuna wata alama ba.

A ƙofar masai a kafa wurin wanke hannu: jarka ko buta ta musamman da sabulu. Sabulu da ruwa mai zuba sun wadatar; mai sauƙi na mai jinya ne da ku ma'aikata. In babu sabulu a yi da toka. Kada a yi irin wankin hannun da kowa ke tsomawa a kwano ɗaya kafin cin tuwo, a riƙa zuba wa juna.

8. Idan rasuwa aka yi

Gawar wanda kwalara ta kashe tana ci gaba da fitar da ruwa mai ɗauke da cutar, kuma an sha ganin ciwon ya bazu daga gidan makoki. Ka sami liman da manyan gidan ka yi musu magana a natse. Ba hana wanka za ka yi ba. Masu wankan su zama kaɗan, da safar hannu da leda a gaba da takunkumi. A shafe jikin da mai ƙarfi, a toshe baki da hanci da dubura da audugar da aka jiƙa a cikinsa, kada a matsa cikin, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin likkafani. Ruwan wankan ya tafi rami a rufe. Makara da tabarmar da aka ɗora shi a wanke da matsakaici. Gaggauta jana'iza, wanda dama shi muka saba, ya dace da abin da ake so. Waɗanda suka yi wankan su yi wanka da sabulu, su sauya kaya, kuma kada su taɓa girki ko rabon abinci a ranar. A wurin zaman makoki a ajiye ruwan wanke hannu a ƙofa, ruwan sha ya zama tatacce, a daina zagayawa da kofi ɗaya, abincin sadaka kuma in ba za a fasa ba ya zama mai zafi.

9. Rubutu, rijiya, da komawa

Kafin ka fita ka rubuta sunan majinyaci, shekarunsa, ranar da ciwon ya fara, inda ya je a kwana biyar kafin nan, inda gidan ke samun ruwa, da adadin mutanen gidan. Ka miƙa wa jami'in sa ido a ranar. Wannan littafin ne zai nuna maka in gidaje huɗu da suka kamu duk rijiya ɗaya suke sha, ko ɗan ga-ruwa ɗaya ke kawo musu, ko biki ɗaya suka je.

Ka je ka ga rijiyar da idonka. Ka auna tazararta da masai mafi kusa. Ana so ta kai mita 30, a cikin gari kuwa sau da yawa ko goma ba ta kai ba. Ka duba ko bakinta ya tsage, ko kowa da gugarsa yake zuwa yana ajiye ta a ƙasa. Mutane za su ce ka zuba magani a ciki. Zubawa sau ɗaya ba ta daɗewa, domin sabon ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ƙarfin ya tafi cikin kwana ɗaya ko biyu su kuma suna ganin an gama. Abin da ya fi shi ne a zaunar da ɗan sa-kai a bakin rijiya da sirinji, duk jarkar da aka cika ya sa mata awonta, a kuma tanadi guga ɗaya da za a riƙa ratayewa.

Ka bar wa gidan sabulu, bilic, ƙwayoyin tace ruwa na aƙalla mako, da ORS. Ka sa wadda ta taya ku ta haɗa matsakaici a gabanka da kofinta na gida, ka ga ta iya. Ka gargaɗe su kada su je kemis su sayo kafso kowa ya sha wai rigakafi, ko maganin tsayar da gudawa. Duk wanda cikinsa ya ɓaci ya fara ORS a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Kai ma a zaure za ka tsaya ka wanke rambut da safar hannu da matsakaici kafin ka cire su, safar hannu ita ce ta ƙarshe, sannan ka wanke hannu da sabulu. Kayan aikinka kada su shiga ɗakin iyalinka sai an wanke.

Ciwon yana bayyana ne tsakanin sa'a 12 zuwa kwana 5 bayan ƙwayar ta shiga ciki, saboda haka ka koma gidan a rana ta biyu da ta biyar, ka leƙa maƙwabtan da suke haɗa rijiya ko masai da su. In ka koma, bayan gaisuwa ka nemi a ba ka ruwa a kofi daga inda yara ke sha, ka sansana. In ba ka ji kulorin ba, ka zauna ku sake tace jarkar tare kafin ka wuce gida na gaba.